Idan Kyamararka Ta Tsufa, Kada Ka Zuba Duk Kuɗinka A Kan Sabuwa

Duk na'urar da ke aiki da lantarki tana da ranar gajiyarta, kyamara ma haka take. Wata rana za ka danna maɓalli ta ƙi ɗauka, ko hotuna su fara fitowa da ɗigo-ɗigon baƙi, ko batiri ya daina kai ka ƙarshen walima. Da zarar haka ta faru, tambayar da ke fara zuwa bakin kowa ita ce: wace sabuwar kyamara ce ta fi kyau a kasuwa yanzu?

A gani na wannan tambaya ta cinye wa matasanmu kuɗi fiye da lalacewar kyamarar kanta. A wurin yawancinmu kyamara jari ce. Da ita ake ɗaukar biki da suna, da ita ake ɗaukar atamfa da takalma da turare a ɗora a Instagram, da ita ake haɗa bidiyon YouTube. Kuma kusan duk kayan hoto da dala ake shigo da su. Dalar da take kusan naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Wanda ya sayi abin da bai dace da shi ba a bana, ba lallai ne ya samu halin gyarawa a baɗi ba.

Ga ra'ayina a taƙaice kafin in kawo hujja. Idan ya zama dole ka canza, ka sayi jikin kyamara na hannu wanda ka gwada da idonka, kada kuɗinsa ya wuce rabin abin da ka tanada. Ragowar ka zuba a lens mai kyau da batiri da memori. Sannan ka ware wata guda cur na koyon sarrafa ta kafin ka karɓi aikin kowa. Aikina rubuta manhaja ne, kuma da kaina na zauna na koya, ba a jami'a ba. Abin da wannan hanya ta nuna mini shi ne kwamfuta mai tsada ba ta rubuta wa mutum kod ko layi ɗaya. Kyamara mai tsada ma ba ta ɗaukar wa mutum hoto.

Da farko, ka tabbatar ta mutu ɗin da gaske

Idan manhaja ta tsaya, mai hankali ba ya goge komai ya faro daga farko, nemo inda matsalar take yake yi. Kyamarori da yawa da ake cewa sun mutu, ɗayan abubuwa uku ne ke damunsu, kuma duk masu araha ne.

Na farko batiri. Batirin litiyam yana raguwa ne a hankali bayan an yi masa caji 'yan ɗaruruwa, kuma zafi yana hanzarta tsufansa, mu kuwa zafi ba baƙonmu ba ne. Kyamarar da ke mutuwa da kanta a tsakiyar aiki, ka fara aro batirin wani mai irinta ka gwada. Na biyu memori. Katin da ya tsufa ko na jabu yana sa kyamara ta riƙa sandarewa, ko ta riƙa ɓatar da hotuna. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika katin da bayanai sannan ta sake karanta su, nan take za ka gane ko girman da aka rubuta a jikinsa na gaskiya ne. Na uku ƙura. Baƙin ɗigon da ke fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto yawanci ƙurar hunturu ce ta zauna a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto. Wankewa take buƙata, mai gyara zai yi maka cikin mintuna.

Mutuwar gaskiya tana da alamominta. Akwai wani ɗan labule a gaban sensa da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da ka ɗauki hoto, masu sana'ar na kiransa shota. Idan ya gaji za ka ga baƙin layi ya ratsa hoto, ko kyamarar ta riƙa nuna saƙon matsala ta ƙi ɗauka. Haka idan ruwa ya shiga ya taɓa allon lantarkin ciki, ko kuma ƙaramar kyamarar aljihu ce lens ɗinta ya maƙale ya ƙi fita. A nan ne za ka tambayi kuɗin gyara, ka kwatanta da farashin irinta ta hannu. Idan gyaran ya kusa kamo kuɗin wata, to lokacin rabuwa ya yi.

Megafiksel ba shi ne ma'auni ba

Kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, fiksel dubu goma kacal take ɗauka, wato megafiksel 0.01. A shekarun da suka biyo baya kowane ƙari yana da amfani, shi ya sa mutane suka saba da tambayar yawan megafiksel. Amma wannan tsere ya daɗe da ƙarewa ga irin aikin da muke yi.

Mu yi lissafi. Hoton da ke kan Instagram mai faɗin fiksel 1080 da tsayin 1350 bai cika megafiksel ɗaya da rabi ba. Talabijin mai 4K yana nuna megafiksel 8.3 ne. Idan za ka wanke hoto a girman takardar A4 da inganci irin na mujalla, abin da kake buƙata bai kai megafiksel 9 ba. Kyamarar da ta fito shekara goma da suka wuce mai megafiksel 18 ko 24 ta riga ta ninka duk waɗannan.

Abin da ya kamata ka tambaya shi ne girman sensa. Ƙananan kyamarorin aljihu suna da sensa mai faɗin milimita shida da ɗoriya da tsayin huɗu da rabi. Wadda ake kira APS-C, da ke cikin yawancin kyamarorin masu farawa, tana da kusan milimita 23 da 15, wato ta ninka waccan fiye da sau goma a faɗin fili. Babbar sensa kuma milimita 36 da 24 ce. Ka ɗauki sensa kamar kwanon da aka ajiye a tsakar gida ana ruwan sama: faffaɗan kwano ya fi tara ruwa. Shi ya sa tsohuwar kyamara mai APS-C ke doke waya mai megafiksel 108 a cikin ɗakin amarya da dare.

Dalilin da ya sa na ce ta hannu

Kasuwar kyamara ta sauya sosai. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna an fitar da kyamarori sama da miliyan 120 a 2010, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Waya ta cinye kasuwar ƙanana, sai kamfanoni suka koma kan masu tsada. A daidai wannan lokaci kuma aka yi ƙaura daga DSLR, mai madubi a ciki, zuwa mara madubi. Sony ta fitar da A7 a 2013, Canon da Nikon suka biyo baya da sabon tsarinsu na RF da Z a 2018. Masu hoto a Turai da Amurka da Japan suka riƙa sayar da tsofaffin kayansu don su koma sabon tsari. Waɗannan kaya su ne ke sauka a Computer Village ta Ikeja da shagunan Abuja da Kano da sunan na hannu.

Ma'ana, ƙaurar da wasu suka yi ta zama arahar mu. Nikon D3500 ta 2018 tana da megafiksel 24, kuma a gwajin CIPA batirinta na ɗaukar hoto 1,550 a caji ɗaya, abin da ke da matuƙar amfani ga wanda wuta ba ta zama a unguwarsu. Canon 700D ta 2013 tana da allo mai juyawa da wurin jona makirfo. Canon 80D ta 2016 tana bin fuska da kyau a bidiyo. Sony a6000 ta 2014 ƙarama ce mara madubi mai saurin kama abu. Kowacce na da gibinta: D3500 da a6000 ba su da ramin jona makirfo na gama-gari, kuma babu mai ɗaukar 4K a cikin huɗun nan. Sai ka duba wane gibi ne ba zai taɓa aikinka ba.

Wani zai ce ai DSLR ta mutu, don me zan sayi abin da kamfani ya juya wa baya? Gaskiya ne sababbin DSLR sun kusa daina fitowa. Amma hoton da D3500 ke ɗauka a 2018 shi take ɗauka yau, bai ragu ba don an fitar da wata. Kuma lens ɗin Canon na tsarin EF ana ƙera su tun 1987, na Nikon na tsarin F tun 1959, saboda haka kasuwa cike take da su, da tsohuwar zuma ake magani. Idan ka koma mara madubi nan gaba, akwai zoben da ake jonawa lens ɗin EF ya hau kan RF, haka na F ya hau kan Z. Wurin da zan ce ka yi hattara shi ne jerin Canon EOS M: an daina ƙera su, kuma lens ɗinsu na EF-M ba sa hawa kan RF.

Wani kuma zai kawo maganar garanti, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai garantin kyamara yawanci na yanki ne, wadda aka sayo don kasuwar wata ƙasa ba lallai a karɓe ta a nan ba. Kafin ka biya ƙarin kuɗi saboda garanti, ka tambayi mai shago: idan ta lalace, ina zan kai ta, wa zai gyara? Idan amsar ba ta fito fili ba, to takarda kawai ka saya.

Ga mai ɗaukar biki akwai ƙarin dalili. Kuɗin sabuwa ɗaya zai iya sayo maka ta hannu biyu. Ba a maimaita ɗaurin aure, ba a sake kai amarya don kyamararka ta tsaya. Kyamara biyu masu matsakaicin ƙarfi sun fi ɗaya mai tsada amfani a ranar da ɗayar ta ƙi tashi.

Abin da za ka gwada kafin ka biya

Duk abin da na faɗa ya dogara ne a kan gwaji. Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da memorinka, in da hali da kwamfutarka, ka nemi a ba ka minti ashirin.

1. Ka duba yawan hotunan da labulen ya ɗauka. Wannan shi ne kilomitar kyamara. Ƙananan DSLR yawanci an gwada su ne a kan hoto 100,000, manya irin Canon 5D Mark III da Nikon D750 kuma 150,000. Nikon na rubuta adadin a cikin kowane hoto, da manhajar ExifTool ta kyauta za ka karanta shi. Yawancin na Canon sai an jona su da kwamfuta. Wannan adadi ba ranar mutuwa ba ce, wasu na wuce shi nesa, amma yana ba ka ƙarfin yin tayi.

2. Ka kai lambar f zuwa 16 ko 22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton ka ƙara girmansa. Ƙura za ta fito a matsayin ɗigo, wannan ana wankewa. Dogon layi ko karce kuwa dalilin fasa ciniki ne.

3. Ka cire lens ka haska fitilar waya a cikinsa. Idan ka ga abu kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce ta kama shi saboda zama a wuri mai laima. Ka bar shi.

4. Ka danna kowane maɓalli, ka juya kowane dayal, ka ɗauki hoto goma a jere, ka ɗauki bidiyon minti biyar ka ga ko za ta yi zafi ta mutu.

5. Ka karɓi rasiti mai ɗauke da lambar jikin kyamarar, kuma ku yi yarjejeniyar kwanakin da za ka iya dawo da ita. Idan farashi ya yi arahar da ta wuce hankali, ka tuna ruwa ba ya tsami banza.

Lens shi ne inda kuɗi ke yin aiki

Yawancin kyamarori na zuwa da lens mai lamba 18-55. Ba shi da laifi da rana. Matsalarsa ita ce idan ka jawo shi zuwa 55, ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6. Lens ɗin da ba ya zuƙowa, irin Canon 50mm f/1.8 ko Nikon 35mm f/1.8G, yana cikin mafi araha a kasuwa, amma yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Ninki goma shi ne bambancin hoton da ya yi duhu ya yi yashi-yashi da wanda fuska ta fito tas a cikin falo. Shi ne kuma ke narkar da bayan mutum, abin nan da kwastoma ke gani ya ce kyamarar nan babba ce.

Mai Nikon D3500 ko 'yan uwanta na jerin D3000 da D5000 ya kula da abu ɗaya: jikinsu ba shi da injin juya lens, don haka sai lens mai rubutun AF-S, ko AF-P a kan na baya-bayan nan, zai saita kansa. Tsohon da ba shi da wannan rubutu, da hannu za ka riƙa juya shi.

Bayan lens, ka sayi batiri na biyu, memori biyu daga wurin da ka amince, jaka mai rufewa, da ɗan famfon roba na hura ƙura. A lokacin hunturu ka guji canza lens a fili. Idan ya zama dole, ka kashe kyamarar, ka juya bakinta ƙasa, ka yi sauri.

Wata guda na koyo

Nan ne mutane suka fi yin rowa, alhali nan ne ba a biyan ko sisi. Mutum ya sayi kyamara, ya bar dayal a kan koren alamar nan ta Auto, ya yi shekara uku a haka, sannan ya ce kyamarar ba ta da kyau. A kan Auto kyamara ce ke yanke hukunci, kuma ba ta san ko amarya kake son fitarwa ko labulen da ke bayanta ba.

Abubuwa uku ne kawai ke sarrafa hasken hoto. Ƙofar haske, wadda ake aunawa da lambar f: ƙaramar lamba na nufin faffaɗar ƙofa, haske da yawa, baya ya narke. Jerin yana tafiya 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kuma kowane mataki yana rage rabin hasken na gabansa. Sai saurin labule: 1/30 na daƙiƙa yana barin haske ya daɗe yana shiga amma duk abin da ya motsa zai yi dishi-dishi, 1/1000 kuma yana tsayar da doki a guje a hawan Sallah. Na uku ISO, wanda ke ƙara wa hoto haske idan wuri ya yi duhu, amma yana kawo yashi-yashi idan ya yi yawa.

Karanta wannan ba ya isa, sai hannu ya saba. Hanyar da muke bi wajen gano matsala a kod ita ce a canza abu ɗaya tak, a duba sakamako, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya canza abu biyar lokaci guda ba zai san wanne ya yi aiki ba. Haka za ka yi da kyamara.

Makon farko ka juya dayal zuwa A, ko Av a Canon. Ka ajiye buta ko kofin shayi a kan tebur, ka ɗauke shi a kowace lambar f daga ƙarama zuwa babba ba tare da ka matsa ba. Mako na biyu ka koma S, ko Tv a Canon, ka tsaya gefen titi ka ɗauki Adaidaita Sahu suna wucewa a 1/30, da 1/125, da 1/500, da 1/1000. A nan za ka gane dokar nan ta riƙe kyamara da hannu: kada saurin labule ya yi ƙasa da lambar lens ɗinka, mai 50mm a kan APS-C ya tsaya a 1/80 ko sama. Mako na uku na duhu ne. Bayan magariba ka ɗauki abu ɗaya a ISO 400, 800, 1600, 3200, 6400, ka gano inda kyamararka ta fara ɓata fuska. Za ka kuma gane cewa hoto mai yashi ya fi hoton da ya girgiza, don na farko ana iya gyara shi, na biyu sai shara. Mako na huɗu ka shiga M ka haɗa ukun da kanka. Akwai tsohuwar ƙa'ida da za ka fara da ita: a tsakiyar rana mai ƙarfi, f/16 da ISO 100 da 1/100 za su ba ka haske daidai.

Kowane dare ka zuba hotunan a kwamfuta. A cikin kowane hoto akwai bayanan da ake kira EXIF, inda kyamara ke rubuta lambar f da saurin labule da ISO da ta yi amfani da su. Wannan shi ne malaminka na kyauta. Hoton da ya lalace, ka buɗe bayanansa, dalilin yana nan a rubuce. Littafin bayanin kyamararka ma yana shafin kamfanin kyauta ko da ba a haɗa maka da shi ba. Ka sauke shi a waya, ka riƙa karanta shafi biyar a rana kyamarar na hannunka.

Akwai darussa biyu da suka shafe mu kai tsaye, waɗanda bidiyon koyarwa na ƙasashen waje ba su cika tsayawa a kansu ba. Na farko ango baƙi cikin farar shadda. Kyamara na auna haske ne da zaton duk abin da ke gabanta idan aka gauraya zai ba da ruwan toka. Idan farar babbar riga ta cika hoto sai ta rage haske, shadda ta yi toka-toka, fuska ta nutse. Maganin shi ne maɓallin nan mai alamar + da -, ka ƙara mataki ɗaya, kana lura kada aikin wuyan rigar ya ɓace cikin fari. Wanda ya fi wannan sauƙi, ka janye shi daga rana zuwa inuwa ko bakin zaure, wani ya riƙe farin kwali yana mayar da haske kan fuskarsa.

Na biyu na masu bidiyo ne. Wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60. Kyamarar da aka shigo da ita daga can za ta iya zuwa a saitin NTSC, sai ka ga bidiyo yana ƙyaftawa a ƙarƙashin wasu fitilu. Ka mayar da ita PAL, ka ɗauka a firam 25 ko 50, saurin labule 1/50 ko 1/100.

Idan hannunka ya faɗa, ka fara ɗauka a RAW. Hoton JPEG yana riƙe matakan haske 256 ne a kowane launi, RAW kuwa 4,096 ko 16,384, don haka akwai sararin ɗago fuskar da ta yi duhu. Ba sai ka biya kuɗin wata-wata ba: darktable da RawTherapee kyauta ne, Canon na ba da Digital Photo Professional, Nikon kuma NX Studio. Kuma kada ka goge memori sai hotunan sun zauna a wuri biyu daban.

Wanda bai kamata ya bi shawarata ba

Mutum biyu ne. Na farko wanda duk aikinsa ɗaukar kaya ne da rana ya ɗora a WhatsApp. Waya mai kyau da taga mai haske sun ishe shi, kada ya sayi kyamara kwata-kwata. Waya na ɗaukar hotuna da yawa a lokaci guda ta haɗe su da manhaja, kuma ga abin da ba ya motsi tana yin aiki mai kyau. Inda take gazawa shi ne mutane na rawa cikin ƙarancin haske, ko abu mai nisa, ko narkar da baya na ƙarya da ke cinye gefen ɗankwali.

Na biyu ƙwararren da aikinsa ya riga ya fi ƙarfin kayansa: yana buƙatar 4K, ko kyamara mai bin ido da kanta, ko mai ramin memori biyu don kada aikin kwastoma ya salwanta. Irin wannan ya san sunan abin da ya rasa, kuma aikin zai mayar masa da kuɗinsa. Wannan ita ce jarabawar da nake ba kowa: faɗi hoto ɗaya da ka kasa ɗauka, ka faɗi wane ɓangare na kyamarar ne ya hana ka. Idan ka iya amsawa, ka san abin da za ka saya. Idan amsarka ita ce hotunana dai ba sa kyau, to koyo ne ya rage maka, kuma sabuwar kyamara ba za ta ɗauke maka shi ba.

Saura maganar cewa masu biki na kallon girman kyamara kafin su ba ka aiki. Akwai gaskiya a ciki, sai dai tsohuwar DSLR ma ai ba ƙarama ba ce, ta ma fi yawancin sababbi cika hannu. Kuma girman kyamara aiki ɗaya zai samo maka. Na biyu da na uku suna zuwa ne daga hoton da amarya ta ɗora, ƙawayenta suka tambayi wa ya ɗauka.

Don haka kafin ka nufi kasuwa, ka aro batiri, ka gwada memori, ka kai a duba sensa. Idan duk da haka ta ƙi tashi, ka rubuta kuɗin da ke hannunka a takarda, ka raba shi biyu, ka ɗauki memorinka ka tafi gwaji. Ranar da ka dawo da ita gida, abu na farko da za ka yi shi ne juya dayal ya bar kan Auto.